Ken Saro-Wiwa: Marubucin barkwancin talabijin da ya mayar da Basi littafin yara

Duk lokacin da aka ambaci sunan Ken Saro-Wiwa, abin da ke fara faɗo wa 'yan Najeriya a rai shi ne gwagwarmayar al'ummar Ogoni da kuma rataye shi da aka yi a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Wannan ƙarshe mai ɗaci ya danne wani ɓangare na rayuwarsa. Kafin ya gurfana gaban kotun musamman, mutumin ya shafe shekaru yana sa miliyoyin jama'a dariya a tashar talabijin ta ƙasa, NTA, daga bisani kuma ya kwashi mutanen wasan nasa ya zuba su cikin ƙananan littattafai domin yara.

An haifi Kenule Beeson Saro-Wiwa ranar 10 ga Oktoba, 1941 a garin Bori na ƙasar Ogoni, cikin Jihar Ribas ta yanzu. Ya yi Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, makarantar da Chinua Achebe da Elechi Amadi suka ratsa kafin shi, sannan ya karanta Ingilishi a Jami'ar Ibadan, inda ya shiga harkar wasan kwaikwayo ta ɗalibai. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 ya bi ɓangaren gwamnatin tarayya, aka naɗa shi mai kula da garin Bonny, daga nan ya zama kwamishina a sabuwar Jihar Ribas har zuwa 1973 da aka sauke shi. Sai ya koma kasuwanci, ya buɗe kantuna, ya shiga harkar gidaje da filaye. Dukiyar da ya tara a wannan lokaci ita ce ta ba shi damar buga littattafansa da kansa a kamfaninsa mai suna Saros, ba tare da jiran yardar wani maɗaba'i ba.

Tun da fari ya taɓa gwada rubuta wa yara, domin a 1973 ya fitar da Tambari. Amma talabijin ce ta kai sunansa kowane gida. A tsakiyar shekarun 1980 ya fara shirin Basi and Company, wanda shi ne marubucinsa kuma mai shirya shi. Tushen shirin wani gajeren wasansa ne mai suna The Transistor Radio, wanda gidan rediyon BBC ya watsa a 1972. An ɗauki shirin a Inugu duk da cewa labarin a Legas yake faruwa, kuma kafin ya tsaya a 1990 an yi kimanin kashi 150. An ƙiyasta cewa masu kallonsa sun kai miliyan 30.

Basi, wanda ake yi wa laƙabi da Mista B, matashi ne marar aikin yi da ke haya a ɗaki guda a Titin Adetola. Bai iya biyan kuɗin haya, amma kullum yana da sabuwar dabarar da ya tabbata za ta mayar da shi miloniya kafin gari ya waye. Tare da shi akwai Alali, yaronsa da yunwa ba ta barinsa, da Madam, mai gidan da ke binsa bashi alhali ita ma idonta na kan banza, da Dandy mai mashaya da abokin ƙullinsa Josco, sai kuma budurwa Segi. Kowa na neman cutar kowa, a ƙarshe kuma kowa ya tashi a tutar babu. Albert Egbe ne ya fara fitowa a matsayin Basi, daga baya Zulu Adigwe ya gaje shi.

Shirin ya zo daidai da zamaninsa. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, masu digiri na yawo da takardu babu aiki, labarin masu kuɗin dare ɗaya kuwa ya cika gari. Mai kallo yana yi wa Basi dariya, amma ya san wani Basi a unguwarsu, wataƙila ma a cikin gidansu.

Saro-Wiwa ya gina Basi ne a kan Kunkuru, gwanin wayo na tatsuniyoyin Ogoni da na maƙwabtansu. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin halin Gizo ke nan: kwaɗayi, da daɗin baki, da wayon da ke ƙarewa a kan mai shi. Wannan ya sa komawar labarin cikin littafin yara ba ta yi wuya ba, tun da dama daga tatsuniya ya fito. A 1987 ya fitar da Basi and Company a matsayin littafi, tare da Mr. B domin ƙananan makaranta. Wasu suka biyo baya, cikinsu har da Mr. B Again da Mr. B Goes to Lagos da Segi Finds the Radio da Mr. B Is Dead. A 1991 kuma ya tattara tatsuniyoyin mutanensa a The Singing Anthill.

Akwai abin lura game da harshen da ya zaɓa. Shi ne fa marubucin Sozaboy na 1985, labarin yaƙi da ya rubuta da gurɓataccen Turanci da gangan, wanda har yau ake ɗauka a matsayin gwanintarsa mafi girma. Amma a Basi ya sa 'yan wasansa suna magana da daidaitaccen Turanci mai sauƙi, a lokacin da yawancin barkwancin talabijin ke dogaro da Burokan da kwaikwayon karin harshen ƙabilu. Wasu masu sharhi sun ga hakan bai dace da bakin talakan Legas ba, kuma suna da hujja. Shi kuwa yana hangen ɗan makarantar da ke zaune gaban talabijin, wanda gobe zai ɗauki littafin ya karanta. A littattafan yaran, wannan zaɓi ya fi zama daidai. Ba dukkansu ne suka yi ƙarfi ɗaya ba, domin wasu sake zuba labarin talabijin ne kawai a takarda, amma sun bai wa yaro ɗan Najeriya gwarzon da ya riga ya sani da titin da ya yi kama da nasu.

Daga 1990 hankalinsa ya karkata ga ƙungiyar MOSOP mai fafutukar haƙƙin Ogoni da yaƙi da gurɓata muhallinsu da haƙar mai ta jawo. Ranar 4 ga Janairu, 1993 kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana. A watan Mayun 1994 aka kashe wasu manyan Ogoni huɗu a yankin Gokana, aka kama shi, kotun musamman da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa ta yanke masa hukuncin kisa tare da mutum takwas. Ya musanta laifin har ƙarshe, ƙasashen duniya kuma suka yi tir da shari'ar, ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da Najeriya. Yana da shekara 54 a lokacin.

Ranar 12 ga Yuni, 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da yi wa shi da sauran takwas ɗin afuwa tare da ba su lambobin girmamawa na ƙasa. Iyalai da magoya bayansu sun ce wanke su ya kamata a yi, domin afuwa ana yi wa mai laifi ne.