Wu Lien-teh

Wu Lien-teh (an haife shi ranar 10 ga Maris, 1879, ya rasu ranar 21 ga Janairu, 1960) likita ne ɗan asalin ƙasar Sin, haifaffen tsibirin Penang da ke Malesiya ta yau. An fi saninsa da jagorantar yaƙi da annobar ɗa'un ta huhu da ta ɓarke a yankin Manchuria a 1910, wadda ta kashe mutum kusan 60,000, da kuma takunkumin fuska da ya yaɗa amfani da shi a lokacin.

Rayuwar farko da karatu

Ya yi karatu a makarantar Penang Free School. A 1896 ya samu tallafin karatu na Sarauniya, ya tafi kwalejin Emmanuel a jami'ar Cambridge, sannan ya koyi aikin asibiti a St Mary's da ke Landan. Ya ƙara sani kan ƙwayoyin cuta a Liverpool da Jamus da cibiyar Pasteur ta Paris kafin ya koma gida a 1903. A Penang ya shiga fafutukar hana cinikin ofiyam, wanda gwamnatin mulkin mallaka ke samun haraji mai yawa daga gare shi. A 1907 aka ci shi tara saboda ɗan ofiyam na magani da aka samu a ɗakin shan maganinsa. Shekara ta zagayo ya karɓi aikin mataimakin shugaban kwalejin likitocin soja a Tianjin.

Annobar Manchuria

Gwamnatin Qing ta tura shi Harbin a Disamba 1910. Cutar ta fito ne daga mafarautan wata dabba mai kama da gafiya da ake farauta don fatarta, kuma jirgin ƙasa ke yaɗa ta gari-gari. Likitocin zamanin sun san ɗa'un a matsayin cutar da ƙuma ke ɗaukowa daga ɓeraye, don haka hankalinsu na kan kashe ɓera. Wu ya feɗe gawar wata mata a unguwar Fujiadian, abin da al'ada ba ta yarda da shi ba, ya ga ƙwayar cutar a huhu. Daga nan ya tabbatar da cewa ta tari da numfashi take bi.

Babu maganin cutar a wancan lokaci, kusan duk wanda ta kama mutuwa yake yi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka aikin ya koma kan inda za a kwantar da mutum da abin da mai jinya zai saka. Wani tsohon gidan wanka aka mayar asibitin annoba. Talakawan unguwar kuwa a cunkushe suke kwana cikin ɗakunan da aka liƙe tagoginsu saboda tsananin sanyi, mutum guda ya yi tari ya harbi ɗaki duka. Wu ya raba unguwar kashi huɗu, ya ware masu cutar daban, waɗanda ake zargi daban, waɗanda suka yi mu'amala da su daban. Da ɗakuna suka kasa, ya aro taragu sama da ɗari daga kamfanin jirgin ƙasa na Rasha, aka sa musu murhu, aka riƙa killace mutane a ciki ana auna zafin jikinsu safe da yamma. Wanda zazzaɓi ya bayyana a jikinsa a fitar da shi nan take, wanda ya cika kwanakinsa lafiya a sallame shi.

Takunkumin nasa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: auduga ce a tsakanin bandeji mai shara-shara, ana ɗaurewa ta bayan kai. Araharsa ce ta sa aka iya raba wa 'yan sanda da masu ɗaukar gawa. Wani babban likita Bafaranshe, Gérald Mesny, ya raina ra'ayin Wu, ya duba marasa lafiya ba takunkumi, ya kamu, ya mutu a Janairu 1911. Bayan wannan ne ma'aikata suka daina gardama.

Ƙasa ta daskare har ba a iya haƙa kabari, gawawwaki suka taru a fili. Sai da Wu ya nemi izinin fadar sarki aka ƙone su a ƙarshen Janairu. A farkon Maris cutar ta ƙare a Harbin. A watan Afrilu ya shugabanci taron ƙasa da ƙasa kan ɗa'un a Mukden, wato Shenyang ta yanzu.

Ayyukansa na baya

A 1912 aka naɗa shi shugaban hukumar rigakafin ɗa'un ta arewacin Manchuria, wadda ta gina asibitocin killacewa na dindindin a Harbin da wasu garuruwan kan iyaka. Da cutar ta dawo a 1920, mutanen da suka mutu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na karon farko ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin Sin a 1915, kuma a 1930 ya zama shugaban hukumar killacewa ta tashoshin jiragen ruwa a Shanghai. An gabatar da sunansa don kyautar Nobel a 1935, amma bai samu ba.

Mutuwa

Da Japan ta mamaye Sin a 1937 ya koma Malaya, ya buɗe ƙaramin asibiti a Ipoh. Ya wallafa tarihin rayuwarsa, Plague Fighter, a 1959. Ya rasu a Penang sakamakon shanyewar ɓarin jiki yana da shekara 80.