Muhammadu Rumfa, Sarkin da Aikinsa Bai Bi Shi Kabari Ba

Kwanan baya na shiga Kasuwar Kurmi sayen takalmin fata, sai na tuna wanda ya kafa ta ya rasu tun 1499. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ke nan, wanda ya hau gadon sarauta a 1463.

Ya tarar da Kano tana cika da fatake, tsohon tsari ya yi mata kaɗan. Sai ya faɗaɗa ganuwa, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Ya kafa majalisar Tara ta Kano don kada ya riƙa yanke shawara shi kaɗai. Da Shehu Magili ya zo gari, sarki bai ji kunyar neman ilimi ba, har malamin ya rubuta masa littafi kan yadda ake mulki.

Mu fa a nan? Duk shekara sababbin shugabannin ƙungiyarmu kan watsar da abin da suka tarar, su soma nasu daga tushe. Ga zaɓe ya matso. Ni dai na kusa tafiya, amma ku tambayi kowane ɗan takara: me zai bari da zai ci gaba da aiki bayan ya sauka?