G. P. Bargery (1876–1966) da Ƙamusunsa na Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya tashi neman ma'anar wata tsohuwar kalma ta Hausa, ko asalinta, da wuya bai ƙare da buɗe ƙamusun Bargery ba. Sai dai da yawa sun san littafin, ba su san mai shi ba, alhali kuwa sanin mutumin da zamanin da ya yi aiki a ciki shi ke bayyana dalilin da ya sa littafin bai tsufa ba.

Haihuwarsa da Zuwansa Ƙasar Hausa

An haifi George Percy Bargery a garin Exeter na ƙasar Ingila a shekarar 1876, watau shekarar da J. F. Schön ya buga nasa ƙamusun na Hausa. Ya yi karatun addinin Kirista, ya zama limamin coci, sa'an nan ya zo Nijeriya ta Arewa a matsayin ɗan mishan na ƙungiyar C.M.S. a farkon mulkin Turawa. Ya yi wajen shekara goma, rashin lafiya ta mayar da shi gida a 1910. Da ya sami sauƙi sai ya komo ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi ta gwamnati, har ya buɗe makaranta a ƙasar Tibi.

Aikin Ƙamus

A 1921 Gwamna Hugh Clifford ya ɗora masa nauyin tsara ƙamusun Hausa. A lokacin akwai na Schön, da na C. H. Robinson, da na Mischlich Bajamushe na 1906, amma duk sun gaza ta fuskar yawan kalmomi da nuna yadda ake furta su. Bargery ya zagaya ƙasar Hausa, yana zama da malamai da masu sana'a yana tattara kalmomi daga bakinsu. R. C. Abraham, wanda ya fitar da nasa ƙamusun a 1949, ya taɓa yin aiki a ƙarƙashinsa. Littafin ya fito a 1934 daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, da kalmomi kimanin 39,000 cikin shafi sama da 1,200.

Abubuwa uku suka ɗaukaka shi. Na farko, ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ta yadda mai karatu zai rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya, ko gashi na kai da gashi na nama. Na biyu, yakan faɗi karin harshen da kalma ta fito, ko Sakkwatanci ce ko Katsinanci. Na uku, yakan nuna harshen da aka aro kalma daga gare shi, Larabci ne ko Ingilishi ko wani dabam.

Wannan na ukun yana da muhimmanci ƙwarai, domin Bargery ya yi aikinsa ne daidai lokacin da kalmomin Ingilishi ke kwararowa cikin Hausa ta hanyar bariki da kanti da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. A wannan zamani ne soja da likita da asibiti da razdan suka zauna a bakin Bahaushe. Kalmomin kuɗi kuwa su ne suka fi ban sha'awa. Sule daga shilling take, kalmar da Ingilishi ke amfani da ita tun fiye da shekara dubu. Sisi daga sixpence, taro daga threepence, fam daga pound. Kwabo kuma daga copper, watau jan ƙarfe, wadda ita ma asalinta sunan tsibirin Kubrus ne, inda Rumawa ke samun wannan ƙarfe. Ingila ta daina lissafi da sule a 1971, Nijeriya ta koma naira a 1973, amma har yau a kasuwar Kiru ko Bebeji mutum kan rantse ba shi da ko sisi, ko da bai taɓa ganin sisin da idonsa ba. Kalmar da ta tsufa a gidansu, ga ta da rai a gidan aro.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan ya koma Ingila ya koyar da Hausa a Makarantar Nazarin Harsunan Gabas da Afirka ta Jami'ar London har 1947, jami'ar kuma ta ba shi digirin dakta a 1937 saboda ƙamusun. A 1953, yana da shekara 77, ya sake komowa Kano don gyaran fassarar Sabon Alkawari, ya tafi a 1957. Ganinsa ya raunana a ƙarshen rayuwarsa, ya mutu a 1966.

Kammalawa

Ƙamusun ba ya rasa naƙasu. An tsara shi ne don mai jin Ingilishi, bayaninsa duka da Turanci, kuma sunan Bature ne a bangonsa, ko da yake ilmin da ke ciki na Hausawan da suka zauna da shi ne. Duk da haka ya adana dubban kalmomin saƙa da rini da noma da sarauta waɗanda da sun bi tsofaffi kabari. Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993 tare da ƙarin da Neil Skinner ya yi. Ƙamusun Hausa zalla na Jami'ar Bayero kuwa sai a 2006 ya fito. Kalmomin da Bargery bai riska ba suna nan a ƙauyuka, masu su kuma suna ta ƙarewa. Tattara su ya rage ga ɗaliban Hausa.