James Watt

James Watt (1736 – 25 ga Agusta, 1819) injiniya ne kuma maƙerin na'urori ɗan ƙasar Sikotland. An fi saninsa da gyara injin tururin da ake kwashe ruwa da shi daga ramukan haƙar ma'adinai, da kuma na'urar da ta sa inji ke daidaita gudunsa da kansa.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Greenock. Ya koyi ƙera kayan awo a Landan, sannan ya buɗe shago a Jami'ar Glasgow.

Injin tururi da mahaƙan Cornwall

Babbar matsalar masu haƙar ma'adinai a zamanin ita ce ruwa, domin duk lokacin da rami ya ƙara zurfi sai ruwa ya cika shi. Injin Thomas Newcomen da ake jan ruwan da shi yana cin kwal sosai, saboda a kowane bugu sai an ɗumama silinda an kuma sanyaya ta. Watt ya gano haka ne lokacin da aka ba shi gyaran wani ƙaramin samfurin injin a jami'ar. A shekarar 1765 ya yi tunanin ware wani mazubi dabam inda tururi zai huce, silinda kuwa ta zauna da zafinta. Ya samu takardar haƙƙin mallaka a 1769, amma rashin kuɗi da rashin maƙeran da za su huda silinda daidai sun tsayar da aikin shekaru.

A 1775 ya haɗa gwiwa da Matthew Boulton na Birmingham, majalisar Birtaniya kuma ta tsawaita haƙƙinsa zuwa 1800. Kasuwarsu mafi girma ita ce Cornwall, yankin kuza da jan ƙarfe wanda ba shi da kwal sai an kawo ta jirgin ruwa. Kamfanin yakan karɓi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal da injin ya rage wa mahaƙa. Masu ramukan sun yi murna da farko, daga baya suka ƙi biya, har aka kai ga kotu. Watt ya yi nasara, sai dai ana ganin tsaurinsa a kan haƙƙin mallaka da ƙin tururi mai matsi sosai sun jinkirta wasu injiniyoyi.

Na'urar daidaita gudu

A 1788 ya ɗora wa injinansa masu juya ƙafa wata na'ura mai ƙwallayen ƙarfe biyu a jikin sanda mai juyawa. Idan inji ya yi sauri, ƙwallayen sukan buɗe su tashi sama, su rage ƙofar tururi. Idan ya yi sanyi, sai su sauka ƙofar ta ƙara buɗewa. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, masu injin niƙa sun riga shi amfani da ita, kuma bai nemi haƙƙin mallakarta ba. Amma ta hannunsa ta bazu a masana'antu. A 1868 James Clerk Maxwell ya yi mata nazarin lissafi, kuma ana ɗaukar wannan nazari a matsayin ɗaya daga cikin tushen ilimin sarrafa injina da kansu, wanda mahaƙu da masana'antu ke aiki da shi a yau.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 1800, ya rasu a gidansa da ke Handsworth kusa da Birmingham. Da sunansa ake kiran ma'aunin ƙarfin lantarki, wato wat.