Tarihin Gani Odutokun, Gwanin Zane na Zariya

An haifi Gani Odutokun a Nsawam ta ƙasar Gana cikin shekarar 1946. Iyayensa mutanen Offa ne, mahaifinsa kuwa fataucin koko yake yi. Da fari aikin akawu ya kama, sa'an nan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya sauke karatun zane a 1975, aka riƙe shi malami a nan.

Yakan tsinka fenti ya kwarara bisa ƙyalle, har siffar ƙasar Arewa ta bayyana. Zamanin mulkin soja kuwa, sa'ad da bakuna suka mutu, sai ya zana wani sarki yana raha da manyan hafsoshinsa, ya bar mai kallo ya gane wanda ake nufi. Ya rasu cikin haɗarin mota a 1995, yana komowa daga Ikko.