Matt Busby: kocin da ya tashi daga gadon asibiti ya ɗauko kofin Turai

Kai da kake rubuta a kori koci a Facebook don an ci ku wasa biyu, tsaya ka ji labarin Matt Busby.

An haife shi a 1909 a wani ƙauyen masu haƙar kwal a Sikotland. Mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ma ya taɓa aikin kwal kafin ƙwallo ta karɓe shi. Ka san wa ya buga wa? Manchester City da Liverpool! Amma a 1945 Manchester United ta ba shi aikin koci.

Busby ya yarda da yara. Ya raini matasa har suka ci gasar Ingila a 1956 da 1957. Shi ne kuma ya dage sai ƙungiyarsa ta shiga gasar kofin Turai, duk da hukumar gasar Ingila ba ta so.

Ranar 6 ga Fabrairu, 1958, suna dawowa daga wasa a Belgrade, jirginsu ya tsaya shan mai a Munich ta Jamus, ya yi hatsari wajen tashi. Mutum 23 suka rasu, takwas 'yan wasansa ne, ciki har da Duncan Edwards mai shekara 21. Busby ya yi makonni a asibiti, har sau biyu ana yi masa addu'ar bankwana.

Da ya warke, ya so ya bar ƙwallo gaba ɗaya, don yana ganin shi ya kai yaran. Matarsa Jean ce ta lallashe shi ya koma.

Shekara goma cif ya yi yana sake gini. Ranar 29 ga Mayu, 1968, United ta kara da Benfica ta Eusébio a wasan ƙarshe a Wembley. Minti 90 ya cika ana 1-1. A ƙarin lokaci George Best da Brian Kidd da Bobby Charlton suka zura uku, aka tashi 4-1. Ƙungiyar Ingila ta farko ke nan da ta ɗauki kofin. Charlton da Bill Foulkes, da suka buga a daren, suna cikin jirgin Munich.

Busby ya rasu a Janairun 1994 yana da shekara 84. In ka ga hoton daren Wembley, ka tuna da yara takwas ɗin da ba su kai wurin ba.