Eli Mechnikof, Mutumin da Ya Ga Masu Tsaron Jiki

Duk wanda ya yi noma a gonakin bakin kogin Watari, wajen Bagwai, ya san taka ƙaya. Ƙayar bagaruwa ta karye a tafin ƙafa, kashegari wurin ya kumbura ya yi zafi, bayan kwana biyu ya tara mugunya, wani lokaci har kaluluwa ta fito. Waɗansu likitocin da suna ganin wannan duk ɓarna ce kawai. Muna so mu ba ku labarin mutumin da ya gane cewa yaƙi ne jiki yake yi.

An haifi Eli Mechnikof a shekarar 1845 a wani ƙauye kusa da Karkof, cikin ƙasar Ukraniya, wadda take ƙarƙashin sarkin Rasha a lokacin. Ba likita ba ne, masanin dabbobi ne, ya kuwa koyar a jami'ar Odesa. Ya sha baƙin ciki ƙwarai. Matarsa ta fari ta mutu da tarin fuka a 1873, har ya nemi kashe kansa, amma ya rayu. Ta biyu, Olga, zazzaɓin taifod ya kusa ɗauke ta a 1880.

A 1882 ya bar aikinsa, ya kwashe iyalinsa zuwa Masina, a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Can yana duban 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda jikinsu garau yake kamar ruwa. Da madubin ƙara girman abu ya ga waɗansu ƙwayoyi suna yawo a cikinsu. Sai ya yi tunani, ko su ne masu tsaron jiki? Ya tsinko ƙayar furen wardi ya soka musu. Da gari ya waye ya tarar ƙwayoyin nan sun kewaye ƙayar. Aka sa musu suna fagosait, wato ƙwayoyi masu ci, da harshen Helenanci.

Ga yadda aikin yake, gwargwadon abin da aka sani yanzu. Sa'ad da ƙwayoyin cuta suka shiga rauni, sukan zubar da waɗansu abubuwa, naman da ya ji ciwo kuma ya fitar da nasa. Fararen ƙwayoyin jini su bi wannan kamar yadda kare yake bin sawu, su kutsa ta bangon jijiya su fito. A fatarsu akwai abin da suke gane baƙo da shi, gama rigar ƙwayar cuta dabam take da ta jikinmu. Sai farar ƙwaya ta miƙe ta lulluɓe ta, ta kulle ta cikin 'yar jaka, ta zuba mata ruwa mai tsami da dafi, ta narkar da ita. Mugunyar da muke ƙyama, yawancinta gawawwakin fararen ƙwayoyin nan ne. Amma kada wani ya ce to, ba sai an wanke rauni ba. Wani lokaci cuta takan fi ƙarfinsu.

Malaman Jamus da yawa ba su yarda ba. Suka ce abin da yake cikin ruwan jini shi ne mai kashe cuta. Gardama ta daɗe, Mechnikof kuwa mai zafin rai ne, ba ya barin ta kwana. Daga baya aka ga kowa da gaskiyarsa: ruwan jini yakan shafa wa ƙwayar cuta alama, farar ƙwaya ta gane ta da sauri ta haɗiye. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Paul Ehrlich, Bajamushe.

Tun 1888 yake aiki a gidan bincike na Louis Pasteur a Faris. Da ya tsufa ya dage cewa nono mai tsami yana ƙara tsawon rai, kullum kuwa yana sha. A nan muna ganin ya wuce abin da ya gwada, ko da yake masu tallan kindirmo ba za su yi masa musu ba.

Ciwon zuciya ya kashe shi a watan Yuli 1916, yana da shekara 71. Bisa ga wasiyyarsa aka ƙone gawarsa, aka ajiye tokar a ɗakin littattafai na gidan Pasteur.